Sarar Ofis a Zauren Hira: Me Ake Nufi da LGTM, EOD da P0?

Wasiƙun da suka taru mana a wannan karon kusan duk abu ɗaya suka tabo: gajerun kalmomi da sarar da ma'aikatan fasaha ke jefa wa juna a manhajojin hirar ofis irin su Slack da Teams. Mun zaɓi shida daga ciki.

Tambaya: Assalamu alaikum. Wata biyu ke nan da na fara aiki da wani kamfanin rubuta manhaja, daga gida nake yi. Tun ranar da aka saka ni a zaurensu na Slack nake ji kamar zaurance suke yi: WIP, PTAL, nit, IIRC, k8s. Turancina ba laifi, amma wannan kam ya fi ƙarfina, ga kunyar tambaya. Ta ina zan fara? *Daga wata sabuwar ma'aikaciya*

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Matsalar ba ta Turancinki ba ce, domin Baturen da aka haifa cikin harshen ma haka yake tsuru-tsuru a makonsa na farko. Wannan sara ta girmi Slack nesa ba kusa ba. Yawancinta ta taso ne daga IRC, tsarin hirar da Jarkko Oikarinen ya ƙirƙira a Finland a 1988, da kuma wasiƙun imel na masu rubuta manhaja. Kada ki haddace su kamar ƙamus. Ki bi su yadda aikin kansa ke tafiya, sai su zauna miki.

Idan mutum ya yi gyara a manhaja, yakan miƙa shi a duba kafin a haɗa da babban aikin. Wannan miƙawar ita ce PR a GitHub, MR a GitLab, wato shafukan da masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu. In ya rubuta WIP a kai, yana nufin bai gama ba, kowa zai iya leƙawa amma kar a haɗa. In ya ce miki PTAL, roƙo yake ki duba. Mai dubawa kuma idan ya fara sharhinsa da nit, ƙaramin abu ne ya gani, kamar sunan da bai yi masa daɗi ba ko waƙafin da ya ɓace, kuma ba zai riƙe aikin saboda shi ba. Asalin kalmar ma ƙwan ƙwarƙwata take nufi, kin ga ƙanƙantarsa ke nan. TL;DR taƙaitawa ce da ake ɗorawa a kan dogon bayani domin wanda ba shi da lokacin karanta shi duka.

Akwai guda uku da sababbi ke tsallakewa, alhali su ne ke sauya nauyin magana. IIRC na nufin "in ban manta ba". AFAIK na nufin "iya sanina". IMO na nufin "a ganina". Wanda ya ce miki "IIRC ba a amfani da wannan sabar yanzu" bai ba ki izinin kashe sabar ba, wato kwamfutar da manhajar ke gudana a kanta, ya gaya miki ne shi ma tsammani yake. Sai kin tabbatar da kanki.

Shi kuwa k8s dabarar ƙirga haruffa ce: Kubernetes ne, sunan wata manhajar sarrafa saba, an bar harafin farko da na ƙarshe, an sa 8 a madadin haruffa takwas na tsakiya. Haka i18n, wato shirya manhaja ta karɓi harsuna da yawa, da a11y, wato sauƙaƙa ta ga masu buƙata ta musamman. In kuma kika ga wani ya rubuta s/Talata/Laraba/ bayan saƙonsa, gyara yake yi, yana cewa a karanta Laraba a inda ya rubuta Talata. An aro salon ne daga umarnin sed na tsarin Unix.

Game da kunya, akwai akwatin bincike a saman Slack ɗin. Ki rubuta kalmar a ciki, ki karanta wurare uku da aka yi amfani da ita. Sau da yawa nan take ma'anar ke fitowa. In ba ta fito ba, ki yi tambayar a ƙarƙashin saƙon da kalmar ta zo, a fili, kar ki bi mutum ta saƙon sirri. Matambayi ba ya ɓata, kuma kusan kullum akwai wanda ya riga ki zuwa kamfanin da shekara guda, yana ta gyaɗa kai bai taɓa sanin ma'anar ba.

Tambaya: Wani abokin aikina ya turo gyara, na ɗan duba sama-sama na rubuta LGTM, niyyata in koma in duba sosai bayan na gama abin da ke hannuna. Kafin in dawo ya haɗa gyaran, shafin biyan kuɗi ya tsaya kusan awa guda. Yanzu ana cewa ni na amince. Ni kuwa ce masa kawai na yi abin ya yi kyau a ido. Laifin wa? *Daga wani mai rubuta manhaja*

Amsa: Malam, ba za mu ɓoye maka ba, kaso mai tsoka naka ne. A zahirin lafazi LGTM na nufin "a ganina ya yi", amma a bakin masu wannan sana'a sa hannu ne. Wanda ya ga haruffan nan huɗu a ƙarƙashin aikinsa zai ɗauka an sake masa hanya, kuma ba wanda zai ga baikensa.

Sauran laifin na tsarin kamfaninku ne, da ya bar kalmar hira ta zama mabuɗin ƙofa. Manyan ayyuka sun daɗe da gane wannan haɗarin, shi ya sa suka raba "na gani" da "na amince". A Gerrit, manhajar duba gyara da ake aikin Android da ita, maki ake bayarwa: +1 na nufin ya yi mini amma sai wani ya amince, +2 ne kaɗai ke buɗe hanya, kuma +1 biyu ba sa taruwa su zama +2. Wanda ya ba da -2 ya toshe gyaran har sai ya janye. A aikin Kubernetes, umarni biyu ne daban, /lgtm da /approve, sai sun haɗu ake haɗa gyara, kuma da zarar mai gyaran ya ƙara turo wani abu, alamar lgtm ɗin takan goge da kanta, don abin da aka duba ba shi ne ke gaban kowa yanzu ba. A aikin Linux kuwa Acked-by daban, Reviewed-by daban, Tested-by daban: na farko mai kula da sashen ne ke cewa bai ƙi ba, na biyu ya bi gyaran layi-layi, na uku ya kunna ya gwada.

Ga abin da za ka riƙa yi. In kallon sama-sama ka yi, faɗi hakan da cikakkiyar jimla: "Na leƙa, ban gama ba, kar a haɗa sai na dawo da ƙarfe uku." In wani ɓangare kaɗai ka duba, ambace shi: "LGTM a kan sashen rumbun bayanai, ban taɓa lissafin kuɗin ba." In ka amince amma da sharaɗi, rubuta sharaɗin, sannan ka bayyana ko kana son sake gani bayan an gyara. Sa'an nan ka kai wa shugabanku shawara a kunna kariyar babban reshe, wato babban aikin da ake haɗa gyare-gyare da shi, a GitHub ko GitLab: kada a haɗa komai sai an danna maɓallin amincewa na ainihi kuma gwaje-gwaje sun wuce, a kuma kunna zaɓin da ke soke tsohuwar amincewa idan an ƙara sabon gyara. Aikin minti goma ne ga mai izini. Da yana kunne, LGTM ɗinka da ya tsaya a matsayin magana kawai.

Tambaya: Shugaban sashenmu yana Indiya, agogonsa na gaban nawa da awa huɗu da rabi. Ya ce in turo rahoto "EOD". Na tura da ƙarfe 5 na yammata, sai ya ce na makara. Shin EOD ɗin wa ake bi? *Daga wani ma'aikaci*

Amsa: Babu dokar da ta yanke wannan, shi ne ma tushen rigimar. EOD na nufin ƙarshen yini, COB na nufin lokacin tashi daga aiki, kuma kowannensu bai faɗi yinin wa ba. A al'ada mai bayar da umarni agogon kansa yake kallo. In shi ƙarfe 6 na yamma yake tashi, wa'adinka ya cika tun 1:30 na ranarka. Lokacin da ka tura, ƙarfe 9:30 na dare ne a wurinsa. Wasu ma in sun ce EOD sha biyun dare suke nufi, to ka ga ko a gari ɗaya ana iya samun saɓanin awa shida ko bakwai.

EOW, ƙarshen mako, ya fi wannan santsi. A yawancin ƙasashe Juma'a ce, amma a Saudiyya makon aiki Alhamis yake ƙarewa. Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta sauya nata a farkon 2022, ma'aikatan gwamnatin tarayya suka koma Litinin zuwa rabin ranar Juma'a. ASAP kuwa, "da wuri iya yadda za ka iya", ba wa'adi ba ne sam. Wani in ya rubuta shi yana nufin ka ajiye komai yanzu, wani yana nufin kafin mako ya fita.

Kada ka ɗauka gajerun sunayen yankunan lokaci za su cece ka. IST na iya zama lokacin Indiya, ko na Isra'ila, ko na Ireland. CST na iya zama na tsakiyar Amurka, awa shida bayan UTC, ma'aunin lokacin duniya, ko na China, awa takwas gabansa, tazarar awa 14 ke nan a kan haruffa uku. Ga kuma sauyin agogo na bazara: Amurka na turawa gaba a Lahadi ta biyu ta Maris, Turai sai Lahadi ta ƙarshe ta watan. A cikin makonni biyu ko uku da ke tsakani, tazarar New York da Landan awa huɗu ce maimakon biyar, kuma a daidai wannan lokacin ne ake yawan shiga taro a tarar ba kowa. Indiya ba ta sauya agogo ko kaɗan, don haka tazararta da waɗannan ƙasashe na motsi sau biyu a shekara.

Maganin jimla ɗaya ce. Duk lokacin da aka ce maka EOD, mayar da amsa da rana da awa da yanki: "To, zan turo Laraba kafin 12:30 UTC, wato 6 na yamma agogonka. Ya yi?" In ya ce e, magana ta zauna a rubuce. Kwanan wata ma haka: 03/04 a Amurka 4 ga Maris ne, a Ingila 3 ga Afrilu. Rubuta sunan watan, ko ka bi tsarin ISO 8601 da ke fara da shekara, sai wata, sai rana, kamar 2025-04-03. Slack na nuna agogon mutum a shafin bayanansa, danna sunansa kawai za ka yi kafin ka yi alkawari.

Tambaya: Mene ne bambancin @here da @channel? An yi mini tsawa don na yi amfani da na biyun. *Daga wata mai karatu*

Amsa: A Slack, @here na taɓa waɗanda ke kan layi a zauren a wannan lokacin. @channel na taɓa kowa da ke cikin zauren, yana kan layi ko ba ya nan. @everyone na babban zauren kamfani ne baki ɗaya. Zauren mutum 300 in kika buga @channel don neman cajar da ta ɓata, mutum 300 kika katse wa aiki, wasu har da hutu. Ki ajiye shi sai abin da in mutum bai gani yau ba zai cutu. Sauran, ki ambaci sunan wanda abin ya shafa.

Tambaya: A tsohon wurin aikina P1 shi ne bala'i mafi girma. A sabon wurin na sa wa wata matsala P1, sabis ya tsaya cak, amma ba wanda ya motsa sai bayan rabin awa. Ashe su P0 suke cewa. Babu ma'auni ɗaya ne? Sannan wani ya rubuta PEBKAC a ƙarƙashin saƙona, wasu suka sa alamar dariya. *Daga wani mai kula da saba*

Amsa: Babu ma'auni ɗaya, Malam, kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. P da lambarsa matakin gaggawar matsala ne, abin da aka yi tarayya a kai kawai shi ne ƙaramar lamba ta fi tsanani. Wasu daga 0 suke farawa, wasu daga 1. Wasu kuma sun raba biyu: SEV na auna girman ɓarnar, P na auna abin da za a fara gyarawa, don haka matsala na iya zama ƙarama a SEV amma babba a P, misali kuskuren rubutu a shafin farko ranar ƙaddamar da kaya.

Rabin awar da ka ambata ba wasa ba ce. Kamfanin da ya yi wa abokan ciniki alkawarin sabis zai riƙa aiki kashi 99.9 cikin 100 na lokaci, abin da suke kira tara uku, a wata mai kwana 30 minti 43 da 'yan daƙiƙu kawai aka yarda ya faɗi. Ruɗanin harafi ɗaya da lamba ɗaya ya cinye muku kusan kashi biyu cikin uku na wannan. Saboda haka saƙon farko na gaggawa kada ya dogara da lamba. Ya ɗauki abu huɗu: me ya lalace, su wa abin ya shafa, tun yaushe, wa ke kai yanzu. Misali: "Shiga asusu ya tsaya ga dukkan masu amfani tun 09:12 UTC, ina kai, ina buƙatar wani daga sashen rumbun bayanai." Ko lambar ta zo ba daidai ba, wanda ya karanta wannan zai miƙe. Kuma zauren hira ba ƙararrawa ba ne. In akwai manhajar kiran mai jiran aiki, irin su PagerDuty, ta nan ake tada mutum, hira ta biyo baya. Wanda aka kira ya amsa da ACK, ma'ana saƙo ya iso kuma ya ɗauka. Kalmar daga ƙa'idar sadarwar na'urori aka aro ta, tana cikin ASCII, jadawalin lambobin haruffan kwamfuta, a lamba 6, kishiyarta NAK a lamba 21. ACK bai ce an gyara ba.

PEBKAC kuwa baƙar magana ce. Tana nufin matsalar tana tsakanin kujera da allon rubutun kwamfuta, wato kai ne matsalar. 'Yan uwanta su ne RTFM, "je ka karanta littafin" da ashar a tsakiya, da kiran abu matsalar "hawa na 8", saboda tsarin sadarwa na OSI hawa bakwai gare shi, na takwas ɗin mutum ne. Tsakanin abokai biyu da suka saba ana yi a yi dariya. A zauren da kowa ke gani, kan sabon ma'aikaci, rashin ta-ido ne, kuma illarsa a aikace take: wanda aka yi wa dariya yau, gobe zai ga matsala ya yi shiru. Ka same shi kai tsaye ka gaya masa ka san ma'anarta kuma ba ka so. In ya maimaita, ka kai gaba.

Shi ma mai rubutawar da ya san inda rubutunsa ke kwana da ya yi hattara. Hirar ofis dukiyar kamfani ce. Masu gudanar da Slack na iya fitar da abin da aka rubuta a zaurukan fili, a manyan tsare-tsaren biya ma har da saƙonnin sirri bisa wasu sharuɗɗa, Teams ma yana da kayan binciken da lauyoyi ke amfani da su. Goge saƙo daga allo ba lallai ya goge shi daga ma'ajiya ba, ya danganta da yadda aka saita adanawa. Magana zarar bunu ce. Ko alamar babban yatsa ba ta tsira ba: a 2023 wata kotu a lardin Saskatchewan na Kanada ta yanke cewa babban yatsan da wani manomi ya tura a matsayin amsa ga hoton kwantiragi amincewa ce, ta ɗora masa biyan kimanin dalar Kanada 82,000 saboda bai kai kayan ba. Shi ya ce yana nufin saƙo ya iso ne kawai.

Tambaya: Ni ke shugabantar ƙungiyar mutum goma sha biyu. Gajerun kalmomi sun yi mana yawa har sababbi na ruɗewa. Ina tunanin hana su gaba ɗaya. Me kuka gani? *Daga wata shugabar sashe*

Amsa: Hajiya, hanin ba zai yi tasiri ba, cikin mako biyu za su dawo, ke ma za ki tsinci kanki kina rubuta FYI, "don ka sani". Kuma BRB da OOO, "yanzu zan dawo" da "ba na ofis", ba su taɓa cutar da kowa ba. Masu cutarwa iri biyu ne. Na farko waɗanda ake ƙirƙira a cikin gida, sunayen ayyuka da na saba da na taruka, waɗanda ba wani injin bincike da zai fassara wa baƙo. Irin waɗannan ne Elon Musk ya rubuta wa ma'aikatan SpaceX wasiƙa a kansu a 2010, ya hana ƙirƙirar sabo sai da yardarsa. Na biyu masu fuska biyu. PM na iya zama manajan kaya, ko manajan aiki, ko saƙon sirri, ko bayan tsakar rana. POC na iya zama gwajin tabbatar da dabara, ko mutumin da za a tuntuɓa. PR a bakin injiniya gyaran manhaja ne, a bakin 'yan talla hulɗa da jama'a. "Ku tura wa PM POC ɗin" jimla ce da mutum uku za su fahimta ta hanya uku.

Ki buɗe shafi ɗaya da kowa ke da ikon gyarawa, ki maƙala shi a saman babban zaure. Kowace kalma layi ɗaya: ma'anarta a wurinku, da misali guda daga hirar gaske. Kada ki zauna ki rubuta shi da kanki, domin ke kin daina ganin kalmomin. Ki ɗora wa sabon da ya zo na ƙarshe, a makonsa na farko ya riƙa zuba duk wadda ta tsayar da shi, tsofaffi su cike ma'ana. Masu fuska biyu ki zaɓa musu ma'ana ɗaya, ɗayar a riƙa rubuta ta cikakkiya.

Sai wurare uku da za ki sa doka ta gaske, inda kuskure ke da tsada: wa'adi, amincewa, da gaggawa. Wa'adi da rana da awa da yanki. Amincewa ta maɓalli. Gaggawa da jimlar da ke faɗin abin da ya lalace. A takardun ƙayyade aiki kuma kina iya aron dabarar RFC 2119 ta 1997, wadda masu tsara ƙa'idojin intanet ke bi: kalmomi ƙalilan da manyan haruffa, MUST ga abin da ya zama dole, SHOULD ga abin da ake bi sai da ƙwaƙƙwaran dalili, MAY ga zaɓi, an fassara su sau ɗaya a farkon takarda.

Alamomi ma ki sa su a shafin, don su ma sara ce. Ƙungiyoyi da yawa sun sa alamar idanu ta zama "na gani, ina kai", alamar kore mai maki ta zama "an gama". Matsalar idanun ita ce mutum huɗu su sa, kowa ya ɗauka ɗayan ne ya ɗauki aikin, ya kwana ba wanda ya taɓa. Ki ce duk wanda ya ɗauka ya rubuta "na ɗauka" da sunansa, in ya ajiye aikin kuma ya faɗa a wuri guda.